Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Tarihi Na Jami'o'inmu Kan Yadda Ake Rubuta Labarin Fari, Yunwa Da Ambaliya

Zuwa ga shugabannin sassan tarihi da malamansu a jami'o'in Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri, Katsina, Yamai da Damagaram, da duk inda ake horar da masu rubuta tarihinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta malamai. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarku da ta iyali, ina roƙon ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci. Ni tsohon malamin sakandare ne, na yi shekara talatin da ɗoriya ina shaƙar ƙurar alli, ina karantar da tarihi daga littattafan da ku da malamanku kuka wallafa. Yanzu na ajiye aiki, na koma ƙauyenmu a arewacin ƙasar Katsina ina ɗan taɓa noma. Maganar ɗan gida ce zan yi, in ta yi ɗaci a yi haƙuri.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta san shekarar haihuwarta da lissafin Bature ba, amma ba ta taɓa ɓata a lissafi ba. Takan ce da aka yi Ƙaƙalaba ta fara ɗaukar ƙaramin tulu. Ta haifi babana saura damina ɗaya a yi 'Yar Buhu. Ta binne 'ya'ya biyu a 'Yar Gusau. Da waɗannan sunaye na shekarun yunwa take auna aure da haihuwa da mutuwa, da shekarar da aka sayar da gonarmu ta fadama, da shekarar da ƙanenta ya tafi cin rani bai komo ba. Duk tsararrakinta haka suke, shi ya sa ma'aikatan ƙidayar jama'a kan zo da jerin irin waɗannan al'amura a aljihu don su ƙiyasta shekarun tsofaffi.

Ni kuwa jikanta mai takardar shaida, shekara da shekaru ina shiga aji in rubuta 1914 a allo, in ce wa yara shekarar da Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa ke nan. Haka manhaja ta ce, haka jarrabawa take tambaya. Ban taɓa gaya musu cewa a shekarar nan, bayan daminar 1913 ta ƙi, mutane suka riƙa faɗuwa a kan hanyoyin shiga Kano ba. In na zo kan 1973 sai in ce an fito da naira, an kafa bautar ƙasa, an yi ƙidayar da aka soke daga baya. Alhali ina ɗan shekara goma sha biyar a lokacin. Na ga gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Na ga Buzaye da Fulani sun gangaro daga arewa suna sayar da saniya a kuɗin akuya, wasunsu suka ƙarasa Kano suka zama masu gadi a ƙofofin attajirai. Abin da idona ya gani ban lissafa shi cikin tarihi ba, don ba ya cikin littafi. Na ɗauki laifina. Amma littafin ba ni na rubuta shi ba.

Kada ku ce ban san an yi aiki ba. An yi. Michael Watts ya zauna a ƙasar Kaita, ya fitar da babban littafinsa kan abinci da yunwa a Arewa a 1983. Michael Mortimore ya daɗe yana bin ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Barno yana duba dabarun da manoma suka yi suka tsira. A Nijar, André Salifou ya yi rubutu kan yunwar 1931, Boureima Alpha Gado kuma ya tattara tarihin yunwoyin Sahel ya buga a 1993, har da sunayen da jama'a suka raɗa musu. Allah ya saka musu. Sai dai ku dubi shekarun. Yawancin aikin nan ya haura shekara talatin, rabi da Turanci, rabi da Faransanci, kuma tsakanin mai karanta wannan da mai karanta wancan akwai iyakar da yunwar kanta ba ta taɓa tsayawa a bakinta ba. Mutumin Maraɗi da na Jibiya gero ɗaya suka nema a kasuwa ɗaya, ga shi labarinsu yana kwance a ɗakunan ajiya biyu, cikin harsuna biyu da babu nasu ko ɗaya.

Bari in fara da takarda, tunda ita kuka fi amincewa da ita. Mai son sanin abin da ya faru a 1914 zai tafi Kaduna gidan adana takardun tarihi na ƙasa, ya nemi fayilolin lardin Kano da na Sakkwato, ya leƙa Arewa House. Ɗan'uwansa na Nijar zai nufi Yamai, in da hali ya wuce Dakar da Faransa. Zai sami rahoton shekara na Razdan, Baturen da ke kula da lardi, da na Di'o da ke ƙarƙashinsa, da lissafin haraji da jangali. Kaya ne masu daraja, ba na musu. To amma wa ya rubuta su, kuma wa yake rubuta wa? Di'o yana bisa doki, yana tambayar hakimi ta bakin tafinta. Hakimi ya ji daga dagaci, dagaci ya ji daga mai unguwa. Kowane ɗayansu yana da dalilin ƙara gishiri ko rage shi. Dagacin da yake son a sassauta masa haraji zai ce rabin gari ya watse. Hakimin da yake tsoron rawaninsa zai ce lafiya ƙalau, 'yan ƙalilan ne suka tafi cin rani kamar kullum. Shi kuma Baturen yana rubuta wa na sama da shi, wanda a wannan shekarar hankalinsa yana kan haɗe ƙasa, daga baya kuma ya koma kan yaƙi da Jamus da tura sojoji Kamaru. Shi ya sa mamatan Ƙaƙalaba, yunwar 1914, a lardin Kano kaɗai ake cewa dubun-dubata, kowane marubuci da lambar da ya kama. Wanda ya faɗi a gindin kuka tsakanin Damagaram da Kano ba ya cikin littafin harajin kowa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi rubutu a kan wajibcin tuhumar kowace majiya kafin a yarda da ita, har da rubutun matafiya irin su Barth. Kun fi ni sanin wannan. Abin da nake gani kawai shi ne, in aka zo kan lambar mamata sai a manta da darasin, ɗalibi ya kwafo lamba daga littafi, wani ya kwafa daga gare shi, kafin a ankara ta zama kamar aya.

Inda takarda ta fi amfani shi ne inda ta faɗi gaskiya ba da niyya ba. Ku tura ɗalibi ya zauna da littattafan kotun alƙali na shekarar yunwa, ya gwada su da na shekarar ƙoshi. Mata nawa ne suka kai ƙarar miji kan rashin ci da sha? Gonaki nawa aka jinginar? Shari'ar satar dami da fasa rumbu ta ƙaru ko ta ragu? Rabon gado fa? Ya duba kuɗin da En'e, hukumar sarki, ta biya na hatsin gidan yari wata bayan wata, zai ga tashin farashi ba tare da kowa ya yi niyyar gaya masa ba. Ya duba abin da jirgin ƙasa ya ɗauka daga Kano da abin da ya kawo. Ya duba ma'aunin ruwan sama, wanda aka fara ajiye lissafinsa a Kano tun wajen 1905, zai ga na 1913 bai kai inci 20 ba a garin da ya saba samun fiye da 30. Daga 1939 kuma akwai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da wasiƙun masu karatu daga ƙauyuka, waɗanda ba su san suna rubuta wa jikokinsu shaida ba. Ga kuma abin da aka fi sakaci da shi: wasiƙun sarakuna da hakimai na Larabci, da waƙoƙin ajami, da ɗan rubutun da malamin zaure kan yi a gefen littafinsa cewa a shekara kaza fara ta sauka, ko an fita roƙon ruwa sau kaza. Wasu suna gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, wasu a Yamai, mafi yawa kuwa suna cikin gafaka a hannun magada.

Ma'aunin ruwa zai gaya maka an yi fari. Ba zai gaya maka dalilin da ya sa a gida ɗaya aka binne yara uku, maƙwabcinsu kuma ya fito daga shekarar da ƙarin gonaki biyu ba. Nan aikinku yake, malamai. Hana ruwa ikon Allah ne, babu mai ja. Amma tsakanin ɗaukewar ruwa da mutuwar yaro akwai watanni masu yawa, daga kaka har bazara, kuma cikin watannin nan mutane ne suke yanke shawara. A karɓi haraji ko a ɗaga. A buɗe rumbu ko a toshe shi a jira farashi. A bar hatsi ya ƙetare iyaka ko a tare shi. A ba da falle, dami ɗaya yau a karɓi biyu da kaka. Tarihin da ya tsaya a kan "aka yi fari, mutane suka mutu" ya tsallake duk masu hannu a ciki.

Ku duba yadda hannun mutum yake fitowa duk sanda aka tona. Jirgin ƙasa ya fara aiki sosai a Kano a 1912, cinikin gyaɗa ya buɗe, haraji yana komawa na tsabar kuɗi, sai ga farin 1913. Masana sun daɗe suna muhawara kan ko gyaɗa ta ci gonar hatsi ko ba ta ci ba, kuma muhawara ce mai kyau da ya kamata a ci gaba da ita gunduma-gunduma. A 1931 fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, Faransawa suka ci gaba da karɓar haraji da kwasar mutane aikin tilas, har sai da aka turo mai bincike daga Faransa, rahotonsa ya ɗora wa hukumar ƙasar laifi. Bayan nan aka matsa wa ƙauyuka da rumbunan tsimi na dole, waɗanda talakawa suka tsana. A 1942, lokacin 'Yar Gusau, Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, Turawa suka rasa kuza, suka juyo kan Jos, aka kwashi majiya ƙarfi daga ƙauyukan Arewa zuwa haƙar kuza, aka kuma tara hatsin ciyar da su daga rumbunan mutanen da daminarsu ba ta yi kyau ba. Kakata ba ta taɓa jin sunan Malaya ba, amma Malaya tana cikin labarin 'ya'yanta biyu. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari a Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa ana tsakiyar fari, mutanen ƙasar Maraɗi suka raɗa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Ko kana ganin sun yi adalci ko ba su yi ba, sun gaya maka inda suka ga ciwon ya fito.

Na san akwai masu cewa irin wannan tone-tone jayayya ce da ƙaddara. Magabatanmu ba su ɗauka haka ba. Malaman tarihin Musulunci sun rubuta labarin Shekarar Toka, a shekara ta 18 bayan Hijira, suka kawo abin da Sayyidina Umar ya yi dalla-dalla: ya aika wa Amru ɗan Asi a Masar a turo abinci, ya jinkirta karɓar zakka, ya dakatar da haddin sata. Da ba su ga hukuncin shugaba yana da tasiri ba, da ba su ɓata tawada ba. A 1405 Maƙrizi, masanin tarihi na Masar, ya rubuta littafi sukutum kan yunwoyin Masar, ya jera su tun daga na da, ya ƙare da cewa ta zamaninsa rashin iya mulki da lalacewar kuɗi ne suka tsananta ta. Ko tsohon littafin Tarihin Kano, wanda ba ya yawan kula da talaka, ya ce Sarki Alwali da ya hau gado ya tara gero da dawa don gudun yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwa ta cim masa. Jumla biyu ke nan, kuma sun isa su hana mu wata ƙaryar da muke son yi wa kanmu, cewa kafin Bature ba a yunwa a ƙasar Hausa. Ana yi. Marubutan Tumbutu sun kawo ta wajen 1639 zuwa 1643, da wata mai tsawo a tsakiyar ƙarni na 18. Ciwon shanun da ya ratso Afirka wajen 1890 ya kusa ƙarar da garken Fulani tun Turawa ba su ci Kano ba. Tambayar ita ce me ya sauya bayan zuwansu, wace igiya ta tsinke, wace sabuwa aka ɗaura.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Rabin wannan tarihin yana bakin mutane, kuma mutanen suna tafiya.

Sunayen nan da kakata take lissafi da su ba almara ba ne, kowanne ƙofa ce. Me ya sa mutanen da suka saba auna arziki da dami da rumbu suka kira yunwar 1927 da sunan buhu? Buhun wa, daga ina ya zo, wa ya raba, wa ya saya? Me ya kai sunan Gusau cikin yunwa? Zabarmawa suna da shekarar da suka kira ta garin rogo a tsakiyar shekarun 1950, suna da wadda suka kira ta juya baya a shekarun 1960, wato lokacin da mutum kan juya wa ɗan'uwansa baya in zai ci abinci. Wane rahoton Razdan ne zai ba ka wannan a kalma biyu? Sai dai suna ma yana da tarko. Yunwa ɗaya takan yi suna uku a ƙasashe uku, suna ɗaya kuma yakan hau kan shekaru biyu daban. Tsoho yakan haɗa 1973 da 1984 ya mai da su shekara guda. Mai bincike na gari zai tambaye shi: wa yake dagaci a lokacin? Da fam da sule kuka sayi tiya ko da naira? An yi kwaltar nan ko ba a yi ba? Wane ɗa ne a goye? Da haka ake ɗaure labari a turken shekara, sa'an nan a koma a gwada shi da takarda.

Babban tarkon kuwa kunya ce. Bahaushe ba ya cewa ya yi yunwa. Na gwada da kaina, bayan na ajiye aiki, na zauna da dattawan garinmu. Kowa ka tambaya sai ya ce ai maƙwabta ne suka tona gidan tururuwa suka kwashe tsabar da ta tara, mutanen wancan ƙauyen ne suka ci dusa, mu dai Allah ya rufa mana asiri. Gari guda kowa maƙwabcinsa ne ya sha wuya. Babu mai ce maka ya aurar da 'yarsa don a rage baki, ko ya fita da asuba da sunan cin rani ya bar mata da yara ba ko ƙwayar gero. Sai ka koma sau uku, sau huɗu, ka ci tuwon gidan, ka yi masa gaisuwar rasuwa, sa'an nan wata rana da la'asar zai ce maka, "Malam, wancan maƙwabcin da na gaya maka, ni ne." Ɗalibin da kuka turo da bugaggiyar takardar tambayoyi ta Turanci, mai gurbin "e" da "a'a", ya sauka daga mashin da hantsi ya koma kafin azahar, ba zai taɓa jin wannan ba. Na ga irinsu. Yara ne masu ladabi, ba laifinsu ba ne, haka aka koya musu.

Kuma in ba ku tura 'yan mata ba, kun bar mafi yawan labarin a cikin gida inda ba a shiga. Maza sun san farashi da haraji da hanyar da suka bi. Mata ne suka san kwana nawa ake jiƙa anza ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya fita a ci. Su suka san yadda ake sussuke ƙarangiya a fitar da tsabarta, da yadda ake yaudarar cikin yaro da tafasa da yaɗiya, da yadda ake ɗora tukunyar ruwa a murhu don yara su yi barci suna jiran tuwon da babu shi. Su suka sayar da tasoshi da kwallayen ɗakinsu ɗaya bayan ɗaya. Su suka san wane yaro aka yaye kafin lokaci. Wannan ilimi ne na tsira, kuma ba a rubuce yake ba.

Akwai shaida ta uku, wadda ƙasa da ruwa suke bayarwa, kuma a nan sai kun ƙetara zuwa sashen labarin ƙasa kun yi sallama. Masu haƙo laka daga ƙarƙashin tafkin Bosumtwi a Gana sun gano cewa Afirka ta Yamma ta taɓa shiga fari na ɗaruruwan shekaru, wanda ya sa na zamaninmu ya zama ƙarami. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980, kuma ya taɓa janyewa a farkon ƙarni na 20 ya dawo. Amfanin sanin wannan shi ne kada a riƙa ɗora wa talaka laifin da ba nasa ba. A shekarun 1930 wani masanin gandun daji ɗan Ingila mai suna Stebbing ya ratsa ƙasarmu da rani, ya koma ya yi shelar cewa Sahara tana cinye Arewa. Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa, suka bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, ba su ga abin da ya faɗa ba. Duk da haka bayan 1973 aka sake tayar da maganar, aka ce kiwon Fulani da saran itacen manoma ne suka kori ruwa. Daga baya binciken yanayi ya nuna cewa sauyin ɗumin ruwan teku yana da babban hannu a farin Sahel. Amma je ka duba littafin firamare ka ga wanne labarin ne ya zauna.

To, malamai, ku yi lissafi da ni. Magidancin da yake da shekara talatin a 1973 yau ya haura tamanin. Matar da ta yi goyo a 1984 ta zama kaka. Masu Ƙaƙalaba sun ƙare, masu 'Yar Buhu sun ƙare, masu 'Yar Gusau saura ɗaiɗaiku da suke yara a lokacin. Ni ina da rikoda tun kakata tana da rai, kaset-kaset ɗina duk na waƙa ne, ban ɗauki muryarta ko na minti ɗaya ba. Takardun ma ba su tsira ba. Na taɓa zuwa wani ofishi neman tsofaffin littattafan haraji na gundumarmu, aka buɗe mini wani ɗaki a baya, na tarar gara ta gama da na ƙasa, yoyo ya gama da na sama, mai gadi yana kunna wutar shayi da abin da ya rage.

Kada kuma ku ɗauka na yau sun fi tsira don akwai waya a hannun kowa. Madatsar Alau ta ɓalle cikin daren 10 ga Satumba 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga kasuwa da asibiti da gidan yari da gidan namun daji. Dubban mutane sun ɗauki hoto da murya, suka tura ta WhatsApp da Facebook. Ina waɗannan suke yanzu? Waya takan faɗa ruwa, takan cika a goge, a sayar da ita. Shekara talatin kafin nan, a 1994, ruwan Alau ya taɓa cin garin. Wa ya zauna da waɗanda suka ga duka biyun, ya bi takardun da aka rubuta tsakanin ambaliyar farko da ta biyu, ya ga abin da aka ce za a gyara da abin da aka gyara? Haka madatsar Bagauda da ta fashe a 1988. Haka ambaliyar 2012, wadda hukumar agajin gaggawa ta ce ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu; wata rana ɗalibi zai kwafi 363 ɗin nan kamar yadda ake kwafar lambobin Razdan, in ba a rubuta yadda aka ƙirga ba tun masu ƙirgar suna raye. Haka ambaliyar Mokwa a ƙarshen Mayu 2025, inda mutane da yawa ba a ga ko gawarsu ba. Kuma ku lura da kalmomin hukuma, don su ma shaida ne. A 2005 Shugaba Tandja na Nijar ya ƙi yarda a kira abin da ke faruwa a Nijar yunwa, alhali cibiyoyin ciyar da yara a Maraɗi sun cika. Ba a rasa dalili ba: duk mai mulki a Yamai yana tune da cewa sojojin da suka kifar da Shugaba Diori Hamani a Afrilun 1974 sun kafa hujja da yadda aka tafiyar da agajin fari.

Roƙona ba mai tsada ba ne. Kowace shekara kuna yaye ɗaruruwan ɗalibai, kowannensu sai ya rubuta kundin kammala karatu, kuma yawancinsu tarihin sarautar garinsu suke maimaitawa, wane ya gaji wane. Ku ware wasu daga ciki, maza da mata, kowa ya koma garinsu ya ɗauki muryar mutum goma da suka ga 1973 ko 1984, ko ambaliyar da ta ci unguwarsu. Ya ɗauka da harshen mai maganar, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko Zabarmanci ko Buzanci, ya rubuta ta yadda aka faɗe ta kafin ya fassara, ya nemi izini, ya sakaya sunan wanda ya nemi a sakaya. A ajiye muryoyin a wuri fiye da ɗaya, kada su kwana a kwamfutar malami guda. Sashen Katsina ya yi musaya da na Damagaram, na Sakkwato da na Yamai. In kun rubuta sakamakon da Turanci ko Faransanci don ƙarin girma, ba na hana ku, kowa yana da iyali. Amma ku fitar da shi da Hausa ma, ko da ƙaramin littafi ne, ko shirin rediyo, yadda malamin sakandare zai sami abin da zai rubuta a allo kusa da sunan Lugga.

A nan garinmu na rubuta sunayen dattawa goma sha ɗaya a bayan wani tsohon littafin rajista, maza bakwai mata huɗu, waɗanda suke da aure da 'ya'ya a 1973 kuma hankalinsu yana nan daram. Da na fara jerin su goma sha huɗu ne. In akwai malamin da zai turo ɗalibi ko ɗaliba, masauki da tuwo suna wuyana, ni zan yi musu iso. Su zo bayan an gama girbi, lokacin tsofaffin sun fi samun zama.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi,
daga arewacin ƙasar Katsina.